Mi ya sa ɗanka ke yi maka ƙarya?

Ɗan'uwa mai karatu, ƴar'uwa mai karatu, bari in yi maka tambaya guda. Ran da ka fara yi wa mahaifinka ƙarya, mi ya sa ka? Tsaya ka tuna da kyau.

Ni dai na tuna tawa. Ina da shekara bakwai ko takwas, anka ba ni awaki in kai su bayan gari. Na iske yara suna langa, na tsaya. Ko da na waiwaya, jar akuya babu ita. Na komo gida da marece, cikina yana kaɗawa. Baba ya ce: "Sun cika?" Na ce: "Sun cika." Sai da safe anka gane. Anka bi sawu har rana ta yi tsaka, ba a gan ta ba. Da na faɗi tun daren, wataƙila da an same ta. Na sha kashi biyu, na akuya da na ƙarya. Ina kwance ina kuka, abin da nike tunani shi ne: da na ce kura na gani ta ɗauke ta, da na tsira.

Nan Tebaram, da sauran garuruwan Adar, kowa ya san karin maganar nan: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uba ya kai yaro lakkwal, ya ce wa mushe: "In ya yi laihi, ba shi kashi, ni na sa ka." Uwa ta kama ɗiya da ƙarya, ta kai hannu ga tsumagiya. Dukanmu gyara muke so. Ba wanda ke son ɗansa ya tashi maƙaryaci. To amma bulala tana kawo gaskiyar da muke nema? Akwai waɗanda sunka zauna sunka gwada, sunka ƙidaya.

Ɗaya daga cikinsu mace ce, sunanta Biktoriya Talwar. Malama ce a jami'ar McGill, cikin birnin Monreyal, ƙasar Kanada. Aikinta binciken halin yara da yadda suke tunani. Ta yi shekaru da yawa tana bin abu guda, wato ƙaryar yara. A shekarar 2011, ita da wani malami, Kang Lee na jami'ar Toronto, sunka buga sakamakon wani gwaji. Kada ka ce ɗiyan Turawa ne. Gwajin nan gida anka yi shi, cikin wata ƙasa ta Afirka ta Yamma.

Sun sami makarantu biyu cikin gari guda. Yaran unguwa ɗaya suke fitowa, iyayensu kuma kusan ƙarfinsu ɗaya. A makaranta ta farko ana duka. Ka manta da fensir, sanda. Ka yi surutu, mari a kai ko mintsini, gaban kowa. A ta biyu ba a taɓa jikin yaro. In ya yi laifi, a yi masa faɗa, ko a ware shi gefe ya zauna shi kaɗai na ɗan lokaci.

Anka ɗauki yara 84, masu shekara 3 da 4. Kowane yaro ana shiga da shi ɗaki shi kaɗai, a ce wasan cinta-cinta za a yi. A aje abin wasa bayansa, a ce: "Zan fita, kada ka leƙa." Babba ya fita. Kai ma ka san abin da zai faru. Yaro dai yaro ne. Mafi yawansu sun leƙa, a makarantar duka da wadda ba a duka. Ka riƙe wannan tukuna: sanda ba ta hana su leƙawa ba.

Da babba ya komo, sai ya tambaya: "Ka leƙa?" A makarantar da ba a duka, rabin masu leƙe da ɗan ɗori ne sunka yi ƙarya. Sauran sunka ce i, na leƙa. A makarantar duka kuwa, kusan dukansu sunka ce a'a.

Saura tambaya ta biyu, kuma nan ne abin ya fi ba ni tsoro. Sai a ce wa yaro: "To, mi kake zato ke bayanka?" Ɗan shekara 3 in ya yi ƙarya, bai iya riƙe ta. Nan take zai faɗi sunan abin, ya tona kansa. Haka yaran makaranta ta biyu sunka riƙa yi. Amma yaran makarantar duka sun san tarko ne. Wani ya ce bai sani ba. Wani ya faɗi sunan wani abu dabam da gangan. Masu binciken sun ce ƙaryarsu ta yi ƙwari kamar ta yaro mai shekara 6 ko 7. Ka gani? Ɗan shekara 4, ko wando bai iya ɗaure wa kansa ba, amma ya ƙware ga ɓoye sawu.

Na san abin da za ka ce. "Mu an duke mu, ga mu mun zama mutane." Gaskiya ne, kun zama mutane. Kuma makarantu biyu ba su ne duniya duka ba. Amma duba cikin ɗakin karatun nan da kake zaune. Mutum nawa ne anka taɓa sa su lakkwal suna yara, sunka gudu? Tambaye su dalili. Wani yunwa, wani kiwo, wani cirani ya ja shi Abija ko Libiya. Wani kuwa zai ce maka: "Mushe na ya kore ni da bulala." Ga shi yau da furfura yana koyon a, ba, ca. Wanda anka duka ya ci sartifika, kowa na ba da labarinsa. Wanda anka duka ya ɓuya cikin karan gero har anka manta da sunansa, ba a ƙidaya shi.

Malama Talwar ba ta tsaya nan ba. A 2015 ta sake buga wani gwaji irin wannan, da yara 372 masu shekara 4 zuwa 8. Wasu anka ce musu in sun leƙa za su shiga uku. Wasu anka ce musu ba komi, kuma za a ji daɗi in sun faɗi gaskiya. Waɗanda anka tsorata sun fi yin ƙarya. Waɗanda anka kwantar wa hankali sun fi faɗin gaskiya.

Har tatsuniya sun gwada, a 2014. Akwai labarin yaro makiyayi da ke ihun ƙarya, wai ga kyarkeci, har ran da kyarkecin gaske ya zo, ba wanda ya kawo masa gudunmawa. An karanta wa yara shi, ƙarya ba ta ragu ba. Anka karanta wa wasu labarin Jorj Washinton, shugaban Amurka na farko, wai yana yaro ya sare iccen babansa, ya amsa laifinsa, baban ya yaba masa. Wannan labarin ne ya ƙara masu faɗin gaskiya. Kaka mai ba jikoki gatana da dare, ga naki.

Yanzu mu komo gida, don maganar ta wuce akuya. An hana yaro zuwa wata unguwa, ya tafi a ɓoye, kare ya cije shi a ƙafa. In ya san duka ke jiransa, sai ya ja wando ya rufe. In karen mahaukaci ne fa? Cizon mahaukacin kare yana da magani in an wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, an kai yaro likita an yi masa allura da wuri. In anka bari har ciwon ya bayyana, sai dai haƙuri. Ko yarinya da ke tafiya koleji, wani babba ya tare ta a hanya da maganar banza. In ta san da ta buɗe baki za a ce ita ta jawo, a rufe ta da duka, shiru za ta yi. Ranar da za ki ji, ya riga ya ɓaci. Ni wannan shirun ya fi ba ni tsoro bisa ga rashin kunya.

Ban ce a bar yaro ya yi abin da ya ga dama ba. Kuma ban manta da wahalar mutane ba. Mace mijinta na cirani wata takwas, ga daka, ga rijiya, ga ɗiya biyar, hannu yakan riga tunani. Mushe kuma yana cikin rumfar kara, yara sun cika ta maƙil, wasu ko koko ba su sha ba. Sanda ta fi sauƙi, shi ya sa ake ɗaukarta. Amma ka sani, tun 1981 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fid da takarda ta hana dukan yara a lakkwal. In ka ce wa mushe "ni na sa ka", ka sa shi abin da aikinsa ya hana shi. Maganar da ta kamata ka kai taron iyayen yara ke nan, a yi ta cikin mutunci, ba da hayaniya ba.

A gida kuwa, raba laifi biyu. Ɓarna dabam, faɗin gaskiya dabam. Yaro ya bar awaki sun shiga gonar maƙwabci, ya zo da kansa ya faɗa maka. Fara da cewa: "Madalla da ka hwaɗi." Sannan ka kama hannunsa ku tafi tare, shi da bakinsa ya ba mai gona haƙuri. Gobe ya taya shi gyaran shinge, ba langa, ba dandali. Wannan ma horo ne, kuma yana da zafi. In ka ce "faɗi gaskiya, ba ni taɓa ka", to, kada ka taɓa shi, ko da abin da ya faɗa ya tada maka hankali. In zuciya ta hau, fita ka sha ruwa, ka zaga bayan gida, ka komo a yi maganar bayan sallar isha.