Kuɗin Lilo da Motar Waya

 Sharhinmu na yau a kan wasan yara yake, amma da iyayen Parakou da Djougou da sauran garuruwan Borgu da Donga muke magana. Duk lokacin da salla ta ƙarato, ko aka shiga babban hutun makaranta, magidanci kan ware wani abu don ya faranta wa yara rai. Wani zai sayo musu bindigar roba da mota mai batir a kasuwar Arzeke ta Parakou, wani zai kai su inda aka kafa lilo da majaujawa, mai hali kuma ya kwashe su zuwa Kwatano ko Legas ko Abuja, inda ake da manyan wuraren wasa masu injuna. Ra'ayinmu shi ne, a cikin duk waɗannan, wasan da ya fi cancantar kuɗin uba shi ne wanda yaro ke da aikin yi a cikinsa, ya tuƙa, ya auna, ya ɗaura, ya haɗa. Wanda za a zaunar da shi kawai a juya shi na minti uku a sauke shi, daɗinsa kan ƙare tun kafin a kai bakin ƙofa.

Masu manyan wuraren wasa na duniya sun daɗe da gane haka, kuma 'yan kasuwa ne, ba sa zuba jari inda babu riba. A shekarar 1997 wata mata mai suna Maxine Clark ta buɗe shagon Build-A-Bear a birnin St. Louis na Amurka. A shagon nata ba a miƙa wa yaro 'yar tsana gamammiya. Shi zai zaɓi fatar da babu komai a ciki, ya taka fedar injin da ke cusa mata auduga, a sa mata 'yar zuciya a ɗinke, ya zaɓa mata tufafi, ya raɗa mata suna, har a ba shi takardar haihuwarta. Yau shagunan sun kai ɗaruruwa. A 2019 kuma kamfanin Disney ya buɗe sashen Star Wars a wuraren wasansa na California da Florida. A nan akwai jirgin da mutum shida ke shiga, biyu su tuƙa, biyu su yi harbi, biyu su kula da gyara, kuma yadda tafiyar za ta kaya ya danganta da abin da hannayensu suka yi. Akwai kuma shagon da mutum ke haɗa takobin haske da kansa. Farashinsa lokacin buɗewa ya kai dalar Amurka 200, ban da kuɗin shiga filin. Idan aka canja kuɗin nan, ya haura sefa 100,000, wato kusan ninki biyu na mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu Benin, wanda aka mayar sefa 52,000 a farkon 2023. Duk da haka sai an yi rajista tun da wuri kafin a samu gurbi.

Me ya sa mutum zai biya kuɗi mai yawa haka don a ba shi aiki? Wasu masana uku a Amurka, Michael Norton da Daniel Mochon da Dan Ariely, sun wallafa wani bincike a 2012. Sun sa mutane sun haɗa akwatunan kamfanin IKEA, sun naɗe takarda ta zama siffar tsuntsu ko kwaɗo, sun gina abubuwa da tubalan Lego, sannan aka tambaye su nawa za su biya a kan abin da suka yi. Sai aka ga sun fi ba aikin hannunsu daraja a kan irinsa da wani ya haɗa, ko da nasun ya karkace. Da manya aka yi gwajin, amma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karɓe wa yaro abin da ya ƙera ya san lamarin ya fi tsanani a wajen ƙanana. Akwai wani ɓangare na binciken da ya fi shafar iyaye: wannan ƙauna ba ta samuwa sai in mutum ya kammala aikin. Saboda haka uban da ya kai ɗansa wurin haɗa abin wasa, ya ga yaron na jinkiri, ya ce kawo in ƙarasa maka, ya biya kuɗi kuma ya ƙwace abin da ya biya dominsa. A zaɓa wa yaro aikin da ya yi daidai da shekarunsa, sannan a naɗe hannu a bar shi.

To, yanzu mu dawo gida. Parakou nan ne layin dogo daga Kwatano ya tsaya, kuma daga nan manyan motoci ke ɗaukar hanyar Malanville da Gaya. Yaron unguwar Zongo ya tashi yana ganin tirela da motar auduga kullum, kuma su yake kwaikwayo. Zai samo waya ya lanƙwasa, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa ko ya jera murafen kwalba, ya ɗaure da robar tayar keke, ya yi wa motar bodi da gwangwanin madara, sannan ya zaro dogon sitiyari wanda in ya murɗa, tayoyin gaba su juya. Bayan girbi, karan dawa ya zama mota, ya zama tabarau, ya zama bindiga. Bayan bikin Gani na Nikki, inda mahaya ke nuna bajinta ana busa kakaki, sai ka ga dokin kara ya cika unguwa. 'Yan mata kuma su yi wa 'yar tsana kitso da lalle, su gina tukwane da yumɓu. Djougou, wadda ta girma a kan hanyar fataken goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa, ba ta rasa maƙera da dukawa da masu walda da yaro zai tsaya a gefensu ya ga yadda ake sarrafa ƙarfe da fata. In aka yi adalci, aikin yaron nan ya fi na takwaransa na Florida zurfi. Can an riga an ƙera kowane yanki, an auna shi, yaro zaɓa kawai yake yi ya murɗa. Nan kuwa shi zai nemo kayan, shi zai gane dalilin da ya sa taya ɗaya ba ta taɓa ƙasa, shi zai warware ya sake.

Wani zai ce, malam, kana yi wa talauci kwalliya ne. Yaro na yin motar waya ne don ubansa ba shi da kuɗin ta kanti. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba ma fatan wani yaro ya rasa abin da yake sha'awa saboda babu. Amma dalilin da ya sa aka fara abu daban, amfaninsa daban. Romuald Hazoumè, ɗan Porto-Novo da aka haifa a 1962, da tsofaffin jarkokin fetur yake ƙera fuskokin da ake baje kolinsu a manyan gidajen tarihi na Turai, kuma a 2007 ya karɓi kyautar Arnold Bode a bikin documenta na Jamus. Ba wanda ya ce jarka ta rage wa aikinsa daraja. Abin da ke ba mu tsoro shi ne uban da ya samu ɗan hali, sai ya hana ɗansa taɓa waya don kada a ce gidansa babu, ya sayo masa motar batir da za ta mutu kafin kwanan salla uku. In ta mutun ma, a ba yaron sukundireba ya buɗe cikinta, ya ciro ɗan injin ya ɗora a motarsa ta gwangwani. Ta nan kaɗai za a fanshe kuɗin.

Wani kuma zai ce gwangwani na yanka, waya na tsone ido. Haka ne. Maganinsa babba ya duba kayan, a daddaƙe bakin gwangwani, a lanƙwashe kan waya, a tabbatar yaro ya samu allurar rigakafin tetanus, a wanke rauni da sabulu nan take. Amma kada a ɗauka kayan kanti da na injuna ba su da nasu haɗarin. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, in yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i, kuma duk abin wasa mai ƙananan gutsattsari ba na ɗan ƙasa da shekara 3 ba ne. A wurin lilo mai inji kuwa, kafin ka biya, tsaya ka kalli zagaye ɗaya ko biyu. Dubi ƙafafun injin, a kan me suka zauna, ƙasa mai ƙarfi ko duwatsun da aka cusa? Dubi wayar janareta, a rufe take ko tana kwance inda yara ke takawa, musamman da damina? Dubi mai kula da injin, yana jijjiga ƙarfen da ke tare kowane yaro kafin ya kunna, ko hankalinsa na kan wayar salula? Manyan wurare da tsawo suke auna yaro, ba sa tambayar shekaru, domin ƙarfen da ke riƙe shi an yi shi ne daidai wani girman jiki. Uban da ya roƙi mai tsaron ƙofa ya yi masa alfarma ya shigar da ɗan da bai kai ba, rayuwar ɗansa yake ciniki a kai. Kuma yaron da ya ce yana tsoro, a ƙyale shi, ko da an riga an yanki tikiti. Sauran kuwa sanannu ne: a je da wuri kafin rana ta yi zafi layi ya yi tsawo, a riƙe ruwa, a rubuta lambar waya a sa masa a aljihu, a nuna masa inda zai tsaya in kun ɓace wa juna.

Akwai masu cewa, haba, salla guda ce, a bar yara su sha iska, kada a mayar da komai makaranta. Mun yarda, kuma ba mu ce a hana kowa majaujawa ba. Ihun da yaro ke yi a sama shi ma rabonsa ne. Maganar ta kasafi ce. Tun daga gida a gaya masa abin da ke hannu, a ce ga kuɗin wasa uku, kai za ka zaɓa. In akwai motocin nan masu karo da juna da yaro ke tuƙawa, ko wasan auna bara, ko teburin da ake haɗa wani abu a tafi da shi gida, a nuna masa su, kuma in wasan na rabon aiki ne, a ba shi sitiyari, babba ya zauna a baya. A tambayi cikakken farashi kafin a fara, domin dabarar shagunan haɗa 'yar tsana ita ce su sa kuɗin farko da sauƙi, sannan riga da takalmi da murya kowanne da nasa kuɗin, alhali yaro ya riga ya rungume ta.

Ga magadan garin Parakou da Djougou da masu shirya bukukuwa, wannan abu ba ya bukatar injin da za a shigo da shi ta tashar jiragen ruwan Kwatano. Rumfa ce, da tabarmi, da filaya goma, da ƙullin waya, da kara da yumɓu da ƙyallayen tela, sai mai walda ɗaya da tela ɗaya da maginiyar tukwane da za a biya su ladan yini. A raba yara bisa shekaru, a ware wa 'yan mata nasu lokacin a teburin waya don kada samari su mamaye shi, a sa kuɗin shiga da bai fi na hawa lilo sau ɗaya ba, kuma a ajiye akwatin magani da mutum guda da ya iya ɗaure rauni.