Daga Dangwauro zuwa Madobi: An gyara kasuwar magani, saura yadda ake shan sa

A watan Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, jami'an Hukumar NAFDAC da na Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, wato PCN, suka rufe shagunan magani 1,321 a Sabon Gari da kewayenta. Manufar ita ce tilasta wa dillalai komawa cibiyar sayar da magani a sari da aka gina a Dangwauro, kan titin Zariya, inda hukuma za ta iya sanin daga ina kowane kwali ya fito da irin ɗakin da aka ajiye shi. An yi ta ce-ce-ku-ce kan kuɗin shago da asarar 'yan kasuwa, amma da wuya a sami mai musun cewa maganin da ya yini cikin rana a bakin titi ba abin amincewa ba ne.

Sai dai ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Daga hannun dillali magani ke bazuwa zuwa ƙananan kemis na Kura da Bunkure da Garun Malam da Madobi, kuma a gaban kantar mai kemis ne ake yanke shawarar wa zai sha, nawa zai sha, kuma don wace cuta. Ingantaccen antibayotik da aka sha ba bisa ƙa'ida ba yana iya yin ɓarnar da ta kusa ta jabu.

Yankin yana da yanayin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a can. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ja ruwa ta magudanai zuwa filayen Kadawa da maƙwabtansu a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, noma ya daina jiran damina. Shinkafar da ake casawa a Kura da tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan duk albarkar wannan ruwa ne. Amma ruwan da ke kwance rani da damina yana zuwa da nasa. Sauro ba ya ƙaura, don haka zazzaɓin cizon sauro ba ya yankewa. Yaran da ke wanka a magudanai suna kamuwa da tsargiya. Gudawa na yawo a tsakanin ƙananan yara, in hunturu ya shigo kuma mura da tari su biyo baya.

Abin lura shi ne, a cikin waɗannan cututtuka huɗu babu wadda kafso ke warkarwa a mafi yawan lokuta. Antibayotik irin su amoxicillin da ampiclox bakteriya suke kashewa. Zazzaɓin cizon sauro ba bakteriya ke kawo shi ba, maganinsa shi ne haɗin nan da ake kira ACT. Tsargiya tsutsa ce, maganinta praziquantel, kuma yaron da ke fitsarin jini zai iya shanye kwalin kafso guda tsutsar na nan daram. Mura bairos ce, takan tafi da kanta. Gudawar yara kuwa, in babu jini a cikinta, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc take bukata, ba Flagyl ko Septrin ba. Duk da haka, kafso ja da yalo ko ja da baƙi shi ne abin da hannu ke fara kai wa.

Ba wauta ke sa mutane haka ba. Leburan da ke tsinkar tumatir ana biyan sa ne a kan aikin yini. In ya tafi asibiti ya bi layin kati, da na likita, da na gwaji, ya yi asarar yinin, ga kuɗin mota. Mai kemis kuwa maƙwabcinsa ne, yana buɗe har dare, yana ba da bashi, kuma zai ɓallo masa ƙwaya huɗu gwargwadon kuɗin da ke hannunsa. A ƙa'ida lasisin masu irin waɗannan shaguna bai ba su damar sayar da galibin antibayotik ba, domin magunguna ne da sai da takardar likita. A aikace kuwa, su ne asibitin farko na talaka, kuma duk tsarin da ya yi kamar ba su nan, a takarda zai tsaya.

Mazauna birni ma ba su tsira ba, sai dai tasu ta zo da takardar gwaji. Kusan kowane ma'aikaci ko ɗan kasuwa a Kano ya taɓa jin an ce masa yana da “maleriya da taifod”. Wannan hukunci galibi kan gwajin Widal yake dogara, gwajin da ya haura shekara ɗari da ƙirƙirowa, wanda kuma yakan nuna alamar cuta a jikin wanda ya taɓa yin taifod a baya, ko ma mai zazzaɓin cizon sauro kawai. Gwajin da ke tabbatar da taifod shi ne a shuka jinin mara lafiya a ɗakin bincike a ga ko ƙwayar za ta tsiro, abin da ke ɗaukar kwanaki, kuma sai a manyan wurare irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano aka fi samun sa. Sakamakon haka, ana ɗura wa mutane ciprofloxacin, ana yi musu allurar ceftriaxone, a kan cutar da mai yiwuwa ba su da ita.

Kuɗin wannan ganganci ba a ranar ake biyan sa ba. Duk lokacin da antibayotik ya shiga jiki, yakan kashe ƙwayoyin da ba su da ƙarfi, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, har su miƙa wa wasu ƙwayoyin dabarar bijirewar. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan maganin ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a Janairun 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai-tsaye saboda bakteriyar da ta bijire wa magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Ƙiyasin Najeriya kaɗai mutum 64,500 ne. Wanda ke son ganin ƙarshen hanyar ya dubi lardin Sindh na Pakistan, inda tun 2016 aka sami taifod da ba ya jin ciprofloxacin, ba ya jin ceftriaxone, ba ya jin tsofaffin magungunan da aka saba.

To yaya ake shan maganin idan likita ya tabbatar ana bukatarsa? Amoxicillin, wanda kamfanin Beecham na Ingila ya fitar a 1972, shi ne misali mafi kusa, domin yana cikin rukunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware a matsayin na farkon zaɓi, kuma shi ta ba da shawarar a riƙa ba yara masu ciwon huhu. Tazarar da ke tsakanin sha da sha ita ce ginshiƙi. “Sau uku a rana” na nufin kusan kowace awa takwas, ba safe da hantsi da azahar ba. Wanda ya manta ya sha da zarar ya tuna, sai fa in lokacin na gaba ya kusa, kuma ba a haɗa biyu don rama wanda ya wuce. Mai azumi da aka rubuta wa irin wannan ya gaya wa likita, ko a canja masa da na sau biyu in hakan zai yiwu, ko ya yi amfani da rangwamen da addini ya yi wa mara lafiya, maimakon ya tara ƙwayoyin tsakanin buɗa-baki da sahur.

Na yara ya fi bukatar lura. Nauyin yaro ake bi wajen ƙayyade masa kima, shi ya sa ragowar maganin wa ba ya zama na ƙane. Garin da ke cikin kwalba da tafasasshen ruwan da ya huce ake haɗa shi, daidai layin da aka zana, a girgiza kafin kowane sha, a auna da murfin awon da ya zo da shi ba cokalin shayi ba. Da zarar an haɗa, kwanakinsa ƙidayayyu ne, mako ɗaya zuwa biyu gwargwadon abin da aka rubuta a jiki. Nau'in Augmentin na ruwa kuwa sai da firji, abin da a ƙauyen da wuta ba ta zama ya zama magana kawai. Saboda haka ne ƙwayar amoxicillin mai narkewa, wadda ake jiƙawa a ɗan ruwa mai tsabta ko nonon uwa a lokacin sha, ta fi dacewa da gidajen karkara.

Akwai kuma haɗarin da ba ya jira. Wasu jikinsu ba ya karɓar dangin penisilin. Ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin fuska ko leɓe, ko sarƙewar numfashi bayan sha alamu ne na a dakata a garzaya asibiti nan take, kuma a riƙa faɗa wa kowane ma'aikacin lafiya daga ranar. Tetracycline, wato ja da yalon nan, ba na mai juna biyu ba ne, ba kuma na yaron da bai kai shekara takwas ba, domin yana ɓata haƙora. Shi da ciprofloxacin ba sa shiri da madara ko nono ko maganin ƙarin jini, don haka wanda ya kora su da fura da nono ya rage musu ƙarfi tun a ciki.

Batun kammala magani yana da ɗan bayani. An daɗe ana cewa a shanye duka, amma bincike na baya-bayan nan ya nuna cewa cututtuka da dama gajeren zango ya ishe su, kuma tsawaita sha ba dalili shi ma yana haifar da bijirewa. Wannan ba izini ba ne ga mara lafiya ya daina ran da ya ji sauƙi. Likita ne ke yanke kwanakin, mai sha ya cika su. In an kwana biyu zuwa uku babu sauƙi, a koma, kada a ƙara wani kafso a kai.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A Agustan 2023 kamfanin GSK, mai Augmentin, ya sanar da rufe harkokinsa na kai-tsaye a Najeriya, daidai lokacin da darajar Naira ke zubewa, farashin maganin ya ninka sau da dama. Tsada na tura mutane ga abubuwa biyu: sayen rabin kima, ko neman mai araha da ba a san asalinsa ba. Dukansu abinci ne ga ƙwayar cuta mai bijirewa. Umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2024 na cire haraji kan kayan haɗa magani ya nufi wannan matsala, sai dai ma'auninsa na gaskiya shi ne farashin kwalbar amoxicillin a kemis ɗin Madobi.

Kuskure ne kuma a ɗauka cewa maganin matsalar shi ne a nesanta talaka da antibayotik. Rashinsa ma yana kisa. Yaron da ke numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, yana bukatar amoxicillin a ranar. Gwajin da aka yi a yankin Dosso na Nijar, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa raba azithromycin ga ƙananan yara sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kusan kashi 18 cikin ɗari, ko da yake an ga ƙaruwar bijirewa tare da hakan. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki a cikinta, da antibayotik da allurar karya dafi ake jinyarta. Ga kuma tabon 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin Trovan da ya ƙunshi yara kusan 200 masu sanƙarau a Kano, 11 suka rasu, shari'ar da sai a 2009 aka sasanta ta kan dala miliyan 75. Al'ummar da ta ga haka tana da dalilin yin tambaya, kuma ma'aikacin lafiyar da ba ya bayani yana mayar da ita ne wurin mai tallar magani a faranti.

Dabbobi ma suna cikin lissafin. Shanun da ke kiwo a gefen fadamu da kajin gidan gona ana ba su oxytetracycline, sau da yawa ba tare da jiran kwanakin da ya kamata kafin a sha nono ko a yanka ba.

A takarda dai ba a rasa tsari ba. Najeriya ta yi shirin ƙasa na farko kan bijirewar ƙwayoyin cuta daga 2017 zuwa 2022, ta ƙaddamar da na biyu na 2024 zuwa 2028. A Satumban 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince su rage mace-macen da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030, kuma kashi 70 na antibayotik da ake sha su kasance daga rukunin farkon zaɓi. Abin da ke hannun Kano ya fi wannan sauƙin faɗa. Gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa minti 15 zuwa 20 yake ɗauka, kuma mai kemis da aka horar zai iya yin sa. Hukumar samar da magunguna ta jiha na iya tabbatar da cewa ƙwayar amoxicillin mai narkewa ba ta yanke a asibitocin matakin farko ba. Hukumar KSCHMA, wadda galibin masu cin gajiyarta na farko ma'aikatan gwamnati ne, na iya neman ƙungiyoyin manoman rani su shiga a dunƙule, su biya bayan girbi lokacin da kuɗi ke hannu. Babban Asibitin Kura kuwa, da zai sami ɗakin binciken da ke iya shuka jini da fitsari, likitocin yankin za su fara sanin wane magani ne har yanzu ke aiki a kan ƙwayoyin cutar da ke yawo tsakanin Kadawa da Madobi, da wanda ya riga ya mutu a hannunsu.