An Rataya Wa Hausa Jakar Tsaba

Tun ranar da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya tsaya a taron British Council a Abuja cikin Nuwamban 2025 ya soke koyarwa da harshen uwa, wasu 'yan bokonmu na ƙasar Daura suke ta murna kamar an yi musu bushara. Wai dama sun sha faɗa, Hausa ce ke lalata wa yara Turanci. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma abu guda ya isa ya tona asirinta: jimlolin nan na should have, could have, must have da would have, waɗanda duk malamin Turanci daga Kongolam zuwa Zango ya san suna yi wa ɗalibai kwaf ɗaya a jarrabawa.

Bature idan zai yi nadama, ko ya zargi wani, ko ya yi hasashe a kan abin da ya riga ya wuce, kalmomi uku yake jerawa: 'yar ƙaramar kalma mai taimakon aikatau, sai have, sai siga ta uku ta aikatau. You should have come, wato ya kamata a ce ka zo, amma ba ka zo ba. He could have died, saura ƙiris ya mutu, Allah ya kiyaye. She might have forgotten, mai yiwuwa mantawa ta yi. We would have crossed, da mun tsallaka, wani abu ya hana. Wuyar abin ita ce babu kalmar korewa a jimlar farko, amma zuwan bai faru ba. Idan kuma aka ce you shouldn't have come, ga korewa ƙiri-ƙiri, amma mutumin ya zo, faɗa ake yi masa. Yaron da ba a taɓa warware wa wannan ba zai karanta jimlar farko ya zaci gayyatarsa ake yi gobe.

To wa ya ce wannan tunani baƙo ne a wurinmu? A tsaya a tashar Kongolam a saurari direbobi da 'yan kamasho da 'yan canji. Da mun fito da asuba, da yanzu muna Damagaram. Da ka ji maganata, da ba ka canzar da sefar nan jiya ba. Da ma ban ɗauko kayan nan ba. Yaron da bai shiga aji ɗaya ba ma yana cewa da Inna ta ba ni kuɗi da na sayi alewa, kuma ba ya kuskure. Mutanen da suka ce da na sani ƙeya ce ba sa buƙatar a koya musu mene ne abin da ya so ya faru bai faru ba. Wannan da ɗin guda biyu shi ne ainihin abin da littattafan nahawun Turanci ke cika shafuka suna bayani a kai da sunan sharaɗi na uku. Malami ya ce wa aji, duk inda kuka ji da na biyu a bakinku, nan ne gurbin would have, an gama darasi. Sauran atisaye ne.

Must have ma ta fi ban haushi, domin a nan ne aka fi faɗuwa, kuma a nan ne Hausa ta fi taimako. An haddatar da yara cewa must na nufin dole. Sai su ga he must have gone, su ce an tilasta masa tafiya. Ba haka ba ne. Hasashe ne mai ƙarfi: ka zo ka tarar babu motarsa a tasha, ka ce ai lalle ya tafi. Idan tilas ake nufi a abin da ya wuce, he had to go za a ce. Bahaushe yana da wannan bambanci a kunnensa tun yana goye. Lalle ya tafi, da gajeren ya mai sauka, umarni ne. Lalle ya tafi, da dogon ya mai hawa, tabbaci ne cewa ya riga ya wuce. A rubutun boko kamarsu ɗaya, a baki kuwa ko jariri ba ya rikita su. Malamin da aka bari ya furta waɗannan jimloli biyu a gaban allo ya raba must go da must have gone har abada. Shi ne malamin da Abuja ta ce ya rufe bakinsa.

Me ya rage masa? Ya rubuta ma'ana da Turanci a allo, yara su kwafa, su rera, su tashi. Daga nan ake samun should have went da he must gone a takardun jarrabawa, sai a ce Hausa ce. Yaran Ingila da Amurka fa? Su da suke haɗiye have a magana, su ce should've, har da yawansu suna rubuta should of, kuskuren da malamansu ke fama da shi kullum. Su ma Hausa ce ta ɓata su?

An ce alƙaluman WAEC da NECO da JAMB ne hujjar soke koyarwa da harshen uwa. Madalla. A ƙarshen 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar harshen uwa, zamanin Malam Adamu Adamu. Ɗalibin da ya zauna WAEC a 2025 ya shiga firamare wajen 2013. Yaron da ya fara firamare a ƙarƙashin manufar bai wuce aji uku ba ranar da aka soke ta. Ta yaya manufar da ba ta kai shekara uku ba ta kayar da wanda ya yi shekara goma sha biyu a makaranta? Kuma a wace makarantar ƙauye aka ga littattafan lissafi da kimiyya na Hausa da aka raba a ƙarƙashinta? Sannan waɗanne alƙaluma? A 2025 ɗin nan WAEC ta fara cewa kashi 38 cikin ɗari ne suka ci darussa biyar har da Turanci da lissafi, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yi kuskure wurin maki, kusan kashi 63 ne. A shekarar ne ɗalibai suka rubuta takardar Turanci cikin dare da tocila a jihohi da dama. A shekarar ne shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa laifi a bainar jama'a, aka sake wa ɗalibai kusan 380,000 jarrabawa. Da irin wannan ma'auni ake yanke wa harshe hukunci?

Za su ce Nijeriya tana da harsuna sama da 500. To sai me? A ajin firamare na ƙaramar hukumar Mai'adua yara nawa ne ba sa jin Hausa? Matsalar Fatakwal a warware ta a Fatakwal. Za su ce babu littattafai. Wa aka ɗauka aiki ya samar da su? Za su ce duniya Turanci take ji. Mu ma Turancin muke so yaranmu su iya, shi ya sa muke wannan magana.

Abin takaici, taki kaɗan daga shingen kwastan na Kongolam, Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a kundin da ta fitar a 2025, ta mayar da Faransanci da Turanci harsunan aiki. Dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, harshe ɗaya, can ana ɗaga shi, nan ana korarsa daga aji.

Amma ni ban ga laifin minista kamar na namu ba. Wannan tsohuwar cuta ce. Mun san makarantun da ake ba monita takarda ya rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, a ci shi tara ko a zane shi, har yaro ya koyi yin shiru ya kuma koyi jin kunyar harshen uwarsa. Waɗanda suka riƙe bulalar nan jiya su ne ke tafi yau, 'ya'yansu suna makarantun kuɗi a Katsina da Kaduna da Abuja, suna yi wa 'ya'yan talakawa fatawa. Sun manta cewa a elementare ta zamanin Turawa da Hausa ake fara karatu, Turanci sai daga baya. Daga wannan tsari Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, ya rubuta Shaihu Umar da Hausa, ya kuma yi Turancin da Ingila kanta ta jinjina wa. Daga nan Abubakar Imam ya fito. Sun manta da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, ana ba su Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, suka kuma fito ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Ko dai sun karanta sun yi biris, ko ba su karanta ba, kuma duka biyun abin kunya ne ga mai kiran kansa ɗan boko.

Ilimi ba na gwamnatin tarayya ba ne ita kaɗai, jihohi suna da ta cewa. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa da hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Katsina su fito su faɗa wa malamai a rubuce cewa bayani da Hausa a aji ba laifi ba ne. Kwalejin Yusuf Bala Usman da ke Daura ta horar da malaman Turanci su iya ɗora nahawun Turanci a kan nahawun Hausa, su fara da waɗannan jimloli. Iyaye kuma, duk makarantar da ta ci ɗanku tara saboda ya yi Hausa, ku je ku tambayi shugabanta dalili, kada ku tashi sai ya ba ku amsa.