Kwanson harsashi shaida ne, ba kayan awo ba

Duk wanda ya taɓa zama a maƙerar farfaru ya san halin tagulla: in ta sha duka sai ta yi tauri ta tsage, in ta sha wuta sai ta yi laushi ta sake karɓar guduma. Da wannan hikima ce mafarauta da masu wasan harbi a Amurka da Turai ke gasa bakin kwanson harsashi domin su sake cika shi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan zargi ya faɗa kan maƙera a duk lokacin da ƴan bindiga suka afka wa wani ƙauye a Madarunfa ko Gidan Rumji.

Mu dai a ganinmu an bar jaki ana dukan taiki. Mafi yawan harsasan Kalashnikov da masana'antun Rasha da Sin ke ƙerawa, kwansonsu na baƙin ƙarfe ne da aka shafe da fenti ko ruwan jan ƙarfe, kuma ba a yi su don a sake cikawa ba. Ɓarawon shanu ba ya zama gaban zugazugi. Sayen harsashinsa yake yi, daga hanyar da ta buɗe tun faɗuwar Gaddafi a 2011, ko daga abin da ke zurarewa daga rumbunan gwamnatoci.

To, ina ne ainihin tushen? Amsar tana rubuce a gindin kwanson. Galibi akwai lambar masana'anta da shekarar da aka yi shi, kuma da su ake fara bin sawun kaya. Amma idan ƙura ta lafa, yara suka tsince, mai sayen tsohon ƙarfe ya ɗora a sikeli, shi ke nan, shaida ta narke.

Ƙasar nan tana da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, tun 1994. Yarjejeniyar CEDEAO ta 2006 ta tanadi sa alama a harsashi da musayar bayanai tsakanin ƙasashe. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma iyakarmu da Katsina da Zamfara da Sakkwato ba ta gusa ko taku ɗaya ba. Gwamnonin jihohin nan uku sun zo Maraɗi a Satumbar 2019 sun sa hannu kan haɗin gwiwar tsaro. Jama'a na da haƙƙin sanin abin da ya biyo baya.

Muna kira ga gwamna ya umarci jandarmomi su riƙa kwashe kwanso a duk wurin da aka yi harbi, su ƙirga, su rubuta lambobin, su aika wa hukumar. Ƴan kasuwa kuma su daina saye. Sai dai ba wanda zai kai tsintuwarsa ofishin jandarma idan yana tsoron ya kwana a can, don haka sai an sanar a rediyo, da Hausa da Fulatanci, cewa wanda ya kawo za a ba shi takardar shaida ya koma gida.