Wa ya ce laka ginin wucin gadi ce?

A takardun ma'aikatun Nijar, siminti da ƙarfe ake kira « matériaux définitifs », wato kayan ginin dindindin. Laka kuwa ana lissafa ta can ƙasa, daf da rumfar zana. Wannan kalma ta yi ɓarna a Adar. Yaron Tebaram da aka haifa cikin ɗakin laka, ya ci hatsin rumbun laka, yakan fito daga lakkwal da imanin cewa gidan ubansa jiran rushewa yake.

Dindindin ɗin me? Masallacin Agadas na laka ne. An kafa shi wajen 1515, aka sabunta shi a 1844, hasumiyarsa mai mita 27 tana tsaye har yau. A Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a a 1962, ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin laka gidan karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa matsattse, aka kammala a 2018. Ɗaliban lise nawa ne a Tawa suka taɓa jin waɗannan sunaye a bakin malaminsu?

Rainin nan yana da farashi. Inda kuɗin siminti bai kai ba, sai a kafa rumfa a ce aji ne. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a Yamai, yara 20 suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar aka sake yi a Maraɗi, aka rasa fiye da 20. Inda kuma aka samu siminti da kwano, ajin yakan koma tanda da rani, darasin bayan azahar ya zama azaba. Bangon laka mai kauri yana riƙe zafin rana, ba ya sakinsa sai dare.

Masu suka za su ce gidajen laka na faɗuwa kowace damina. Gaskiya ne, ambaliyar 2020 da ta 2024 sun nuna haka. Amma galibi wane gida ke faɗuwa? Wanda aka gina a hanyar ruwa, ba harsashin dutse, ba indararo na kirki, aka shekara biyar ba yaɓe. Wannan rashin sani ne, maganinsa koyarwa, kuma dutse bai yi wa Adar ƙaranci ba. Za su ce itacen rufi ya ƙare, azara ta yi tsada. An amsa wannan tun 1980 a Cikal, ƙasar Filinge, inda aka fara gini ba da itace ba: rufin baka da ƙubba na tubali zalla, dabarar Nubiya da Hassan Fathy na Masar ya farfaɗo da ita.

A Ingila da Amurka mutane na biyan kuɗi don su koyi kwaɓa laka da ciyawa, da gina bango da dauren ciyawa matsattse, dabarar da ta samo asali a Nebraska a ƙarshen ƙarni na 19. Kada ɗoki ya sa a kwafo ta ido rufe. A arewacin Adar ciyawa da kara abincin dabbobi ne, da rani ma kuɗi ne. Bango ba zai ci rabon akuya ba. Abin koyi shi ne yadda suka ɗauki ginin ƙasa a matsayin ilimi, da darasi da littafi.

Ga aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu. A gayyato tsofaffin magina cikin aji. A rubuta kalmomin sana'ar da Hausa kafin su bi masu su kabari. Malamin lissafi ya auna ƙubba da ɗalibansa, na kimiyya ya gwada zafin ɗaki biyu, na laka da na kwano. Cibiyoyin koyon sana'a su ba maginin laka takardar shaida irin ta mai siminti, magadan gari su daina cire shi daga kwangilar azuzuwa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, balle gatarin Adar ba guntu ba ne.