Raddi ga Masu Cewa Ɗaliban Matameye Su Ajiye Adabin Duniya

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, wani ra'ayi ya ƙara ƙarfi a majalisun hira na Matameye da sauran garuruwan Kance. Masu shi suna cewa lokaci ya yi da ɗan lise zai daina wahala da Molière da Victor Hugo. Hujjojinsu uku ne, kuma kowace tana da amsa.

Hujja ta farko: wai littattafan waɗanda ba Musulmi ba ne, suna gurɓata tarbiyya.

Amsar tana cikin zauren malamanmu. Shekaru aru-aru almajiran ilimi a ƙasar Hausa suna karanta waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da takwarorinsa, mawaƙan jahiliyya da suka yi ta wasa mata da raƙuma da yaƙi. Malam Abdullahi na Gwandu ya ambata cewa ya karanta waƙoƙin shida daga cikin mawaƙan nan a gaban yayansa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Sun karanta su ne don lugga, domin wanda bai ƙware a Larabci ba ba zai gane zurfin Alƙur'ani ba. Abin da ya kare almajiri shi ne malamin da ke zaune a gabansa, yana rarrabe masa tsaba da tsakuwa.

Hujja ta biyu: wai adabin 'yan mulkin mallaka ne, namu ya ishe mu.

Nan ne masu ra'ayin suka fi yin kuskure, domin labari ba ya tsayawa a iyaka. La Fontaine, wanda yaran firamare ke haddace tatsuniyoyinsa, ya faɗa da kansa a kundinsa na 1678 cewa ya ɗebo da yawa daga wani mai hikima na Indiya. Tushen nan ne Ibn Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8 da sunan Kalila wa Dimna. Daga irin wannan rijiya Abubakar Imam ya sha: Magana Jari Ce cike take da labaran Dare Dubu da Ɗaya, da na Indiya, da na 'yan'uwan Grimm na Jamus, amma ya sa musu riga da rawani har ba mai cewa baƙi ne.

Sannan wa ya fi mayar wa mulkin mallaka martani? Chinua Achebe ya karanta Heart of Darkness na Joseph Conrad ciki da bai, kafin ya tashi a 1975 ya tona wariyar launin fatar da ke cikinsa. Littafin ya fara fitowa a 1899, shekarar da rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan tana ƙone garuruwa, kafin shugabanninta biyu su hallaka a yankin Maijirgi. Abdoulaye Mamani ya ɗauki Faransancin da aka koya masa ya rubuta Sarraounia a 1980, ya ba Sarauniyar Lugu matsayin da rahotannin sojan Faransa suka hana ta. André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, ya san wasan kwaikwayon Turai kafin ya hau da Sarki Tanimun dandali.

Hujja ta uku: wai hadda ce kawai don jarrabawar bak, ba ta amfanar kowa.

Wannan tana da ƙamshin gaskiya. Ɗalibin da bai taɓa riƙe littafin ba, sai taƙaitawar da ya kwafa daga allo, bai karanta adabi ba. Amma laifin yana ga hanyar koyarwa. A zaure, malam yakan karanta Maƙamatul Hariri jimla jimla, ya fassara da Hausa, ya yi sharhi, almajiri ya yi tambaya. A gwada haka da L'Avare, wasan Molière na 1668. Da zarar an bayyana Harpagon, tsohon da ya binne akwatin kuɗinsa a lambu yana zargin kowa a gidansa, ajin zai gane shi, don kowace unguwa tana da marowacinta. Daga nan muhawara kan sadaki, da auren dole, da haƙƙin 'ya'ya a kan uba za ta tashi da kanta.

An ma riga an share hanya a Najeriya. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wani wasan Shakespeare Hausa da sunan Daren Sha Biyu, Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da wani littafin George Orwell Hausa da sunan Gandun Dabbobi. Ɗalibin Matameye yana da Hausa a baki, Larabci daga makarantar allo, Faransanci daga boko, ga Daura da Kano a kusa da shi. Abin da ya kamata malamansa su nema masa yanzu shi ne cikakkun littattafai a ɗakin karatu, da awa guda a mako da ajin zai zauna ya fassara shafi ɗaya na Molière ko Hugo zuwa Hausar Damagaram.