DARE MAHUTAR BAWA, IN JI MUTANEN DA

Hausawa suka ce dare mahutar bawa. Watau ko bawan da ba ya mallakar kansa, in rana ta faɗi ubangidansa ya kan ƙyale shi ya miƙe haƙarƙarinsa. To, yau a Gusau da Tsafe da Bunguɗu akwai mutane masu ɗimbin yawa, 'ya'ya ne ba bayi ba, amma ko wannan ɗan hakki na bawa ba su samu. Su ne mu ke so mu yi magana a kansu wannan mako, tun da masu mulki ba su da niyyar yi.

Su wane ne? Su ne ma'aikatan jinya da ungozomomi a Asibitin Tarayya na Gusau da Asibitin Yariman Bakura da manyan asibitocin Tsafe da Bunguɗu. Su ne masu gadin kasuwa da kantuna da gidajen manya. Su ne masu gasa burodin da mu ke ci da shayi da safe, da 'yan dako a tasha, da direbobi, da 'yan sanda, da 'yan sintiri. Sa'ad da mai kuɗi ya ke minshari, su idonsu biyu. In gari ya waye kuwa ba mai tambayarsu ina kwana da gaske, balle a ce ina za su rama barcin da suka ba da bashi.

Gusau ta daɗe da sanin aikin dare. Tun da jirgin ƙasa ya iso daga Zariya ya wuce Ƙauran Namoda a 1929 garin ya zama matattarar auduga da gyaɗa. A shekarun 1960 aka kafa masaƙar Zamfara, kuma masaƙu irinta a kan raba ma'aikatansu kashi uku, na safe da na yamma da na dare. Aikin akwai wuya, amma ma'aikacin masaƙa ya san ƙarfe nawa zai shiga, ƙarfe nawa zai fita, kuma daga 1978 yana da ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya da za ta tsaya masa. Masaƙar ta mutu kamar yadda na Kaduna suka mutu. Aikin dare bai mutu ba, takarda da ƙungiya ne suka tafi, aka bar talaka daga shi sai maigidan da ya ɗauke shi da baki.

Waɗansu za su ce ai sabo ne, in mutum ya daɗe yana yi jikinsa ya kan saba. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa yi ba. Allah ya halicci jikin ɗan Adam da agogonsa a ciki, mai zagayawa cikin awa 24, kuma haske da duhu ne ke saita shi. Waɗansu masana uku na Amurka, Hall da Rosbash da Young, sun sami kyautar Nobel a 1917 da ɗari, watau 2017, sabo da gano yadda wannan agogo ke tafiya. In duhu ya yi ƙwaƙwalwa ta kan fitar da sinadarin da ke kawo barci, in haske ya fito ta janye shi. Don haka mai barcin rana, kome gajiyarsa, barcinsa gajere ne, a gutsuttsure. Likitoci sun ce baligi na bukatar awa 7 ko fiye. Mu tambayi mai gadi ko ya kan sami 4.

Jiki kuwa magayi. An tabbatar cewa masu daɗewa a aikin dare sun fi sauran mutane kamuwa da hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya. Hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wadda ke Faransa, ta sanya aikin dare cikin abubuwan da a ke kyautata zaton suna jawo ciwon daji, a 2007, ta kuma sake faɗa a 2019. A 1997 masana a Ostireliya suka gwada mutane, suka ga wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba hannunsa da hankalinsa sun yi sanyi kamar na wanda ya sha giya. To, jama'a, mu duba. Wannan mai sanyin hannu shi ne zai auna wa ɗanka allura da ƙarfe 4 na asuba. Shi ne ke riƙe da sitiyarin motar da ta ɗauko matarka daga Funtuwa, ta bi ta Tsafe. Ashe maganar ba ta ma'aikaci kaɗai ba ce, ta kowa ce.

Sa'an nan ina zai kwanta in ya tashi aiki? A ɗaki ɗaya mai rufin kwano, cikin zafin bazara, ba lantarki balle fanka, ga injin niƙa a maƙwabta, ga yara a tsakar gida. Kuma sau da yawa ba ya ma kwanciyar, sai ya hau acaɓa ko ya saɓa fartanya, don abin da a ke biyansa ba ya kai shi tsakiyar wata. An yi ta kiɗa da rawa a 2024 cewa mafi ƙanƙancin albashi ya koma naira 70,000. Amma ba a gaya wa talaka ba cewa dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Gidan burodi nawa ne a Bunguɗu ke da ma'aikata 25? Mai gadin kanti fa, shi da wa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma aikin dare na biyu, wanda ba wanda ya nema, ba kuwa mai biya. Ran 26 ga Fabrairu 2021, da tsakar dare, 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Ran 22 ga Satumba 2023, kafin asuba, suka shiga Sabon Gida cikin ƙasar Bunguɗu suka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau fiye da 20. Mutumin ƙauyen da ya ga haka yaya zai kwanta? Sai maza su raba dare tsakaninsu, waɗansu na tsaro waɗansu na gyangyaɗi, mata na rungume da goyo kunne a waje. Da safe a ce manomi ya je gona, yaro ya je makaranta ya haddace karatu. A Janairun 2024 Gwamnatin Jiha ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara, mutum fiye da 2,600. Madalla. Amma askari ma ɗan Adam ne, kuma bindiga a hannun wanda ya kwana uku bai yi barci ba hatsari ce ga abokin gaba, hatsari ce ga ɗan'uwa.

Me doka ta ce? Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce wanda ya yi aikin awa 6 ko fiye a ba shi hutun awa 1 a tsakani, kuma cikin kowane kwana 7 a ba shi yini da kwana cur ya huta. Ko wannan ɗan kaɗan, yaushe rabon da mu ga sufeton ƙwadago ya leƙa gidan burodi da ƙarfe 2 na dare ya duba? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijeriya ta shiga a 1960, ta tsara yarjejeniya mai lamba 171 a 1990 musamman don ma'aikatan dare: a duba lafiyarsu kyauta, a biya su gwargwadon wahalarsu, mai ciki da mai jego a sauya musu zuwa aikin rana. Ƙasashen Tarayyar Turai kuwa dokarsu ta 2003 ta ba ma'aikaci hutun awa 11 a jere kowace rana. Jikin Bature bai fi na Bazamfare daraja ba.

Mun sani ba za a rufe asibiti don rana ta faɗi ba, haihuwa ba ta jiran wayewar gari. Mun kuma san amsar da za a ba mu, wai babu kuɗi. An ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996, kuma daga 1999 zuwa 2023 an rantsar da gwamna biyar, jam'iyyu suna karɓa suna miƙawa. Ba mu taɓa jin an rasa kuɗin motocin rakiya ba. Sabo da haka jam'iyyarmu na neman abu biyar.

Na ɗaya, kada a sa ma'aikaci dare fiye da 3 a jere, kuma a jera masa aikin daga safe zuwa yamma zuwa dare, don haka jiki ya fi ɗauka. Na biyu, kuɗin aikin dare su fi na rana, a biya su tare da albashi, har da mai gadi da mai shara. Na uku, kowane asibiti da ofishin tsaro ya sami ɗakin hutawa mai ƙofa da ruwa da fitila, a kuma ɗebi isassun ma'aikata yadda ɗaya zai runtsa ɗaya na tsaye. Na huɗu, a auna jinin ma'aikacin dare kyauta ko sau ɗaya a shekara. Na biyar, wakilan Zamfara a Abuja su tsaya a gyara dokar albashi ta haɗa da ƙananan wurare, a kuma sanya sharuɗɗan yarjejeniya ta 171 cikin dokarmu.

Kafin nan, 'yan'uwa ma'aikata, rigakafi ya fi magani. Ku yi ƙailula kafin ku fita. Goro da shayi a farkon dare ne amfaninsu, in asuba ta gabato ku bar su, don ƙarfinsu ya kan ɗauki awa 5 ko fiye a jiki ya hana barcin safe. In kun dawo ku toshe taga da baƙin ƙyalle ku kwanta, kada ku tsaya hira. Ku nisanci Tiramol da sauran ƙwayoyin da a ke cewa na hana gajiya, rance ne mai mugun ruwa. Direba kuwa in ido ya yi nauyi ya nemi amintaccen wuri ya tsaya, barci ɓarawo ne. Matan gida da maƙwabta, ku sani mai barcin hantsi ba rago ba ne, daren ku ya tsare.

Amma baƙin ƙyalle ba zai gyara doka ba. Ma'aikatan da suka ajiye aiki kwana 44 a 1945, da waɗanda suka sake yi a Yunin 1964, ba roƙo suka yi ba, haɗa kai suka yi. Masu gadi ku yi ƙungiya, masu burodi ku yi taku. In ɗan takara ya zo ƙofarku da atamfa da taliya, ku tambaye shi cikin abu biyar ɗin nan wanne zai yi, kuma yaushe. Wanda ya hana ku barci, kada ku ba shi ƙuri'ar da zai yi minshari shekara huɗu. Allah ya ba talaka sawaba, amin.